Gishirin da ke narkar da auduga

Mai koko a Masanawa ta san sukari ba ya daɗewa a ruwa: kafin ta juya ludayi sau uku ya ɓace. Zanen atamfar da ta ɗaura kuwa ya sha wanki har ya koɗe, amma ko zare ɗaya bai narke ba. Alhali a wurin masana sinadarai, sukarin da zanen dangi ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na auduga selulos ne, shi kuma selulos ƙwayoyin sukarin gulukos ne dubbai da aka jera kamar carbi. Shi ne ƙashin bayan karan dawar da ake tarawa a gonakin Gwarzo da Kabo bayan kaka, shi ne kuma takardar littafin ɗan makaranta. Wani Bafaranshe, Anselme Payen, ya fara ware shi a 1838.

To me ya hana shi narkewa? Kowace ƙwaya a jikin carbin tana da hannuwa uku da ake kira haidiroksil. Da su take riƙe ƙwayar da ke gabanta, da su take damƙe carbin da ke gefenta. Haka zarurrukan ke kwanciya a jere, su matse kamar tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Ruwa yana jiƙa bayan ɗaurin, yana ɗan kumbura wuraren da suka yi sako-sako, amma tsakiya ba ƙofa.

Gishirin miya bai iya komai a nan. Kanwa ma haka, duk da sunan da ta yi. In ta sa wake ya nuna da wuri, ba selulos ta narkar ba; wani danƙo ne mai suna fektin, wanda ke manne ƙwayoyin halittar waken da juna, ta sassauta.

Gishirin da ke wannan aiki daban ne. Ɗauki zinki kulorayid, wanda ke cikin wasu batiran tocila. In aka dama shi da kauri, gishirin ya kai wajen kashi biyu cikin uku na nauyin haɗin, sai ya zama kowace ƙwayar zinki ba ta samu ruwan da zai ishe ta ba. Ƙishirwar nan ce sirrin. Zinkin ya rasa ruwa, sai ya kama hannuwan selulos a madadinsa, kulorayid kuma ya kutsa tsakanin zarurrukan ya raba masu riƙon juna. Maɗauri ya kwance, auduga ta koma ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Haɗin yana ƙona fata, ba abin gwadawa a tsakar gida ba ne.

Inda abin ya fi burge ni shi ne ƙarshensa. Ƙara ruwa a cikin haɗin, zinki ya sha ya ƙoshi, sai ya saki selulos, zarurrukan su sake cafke juna su daskare. Wato ruwan da ya kasa narkar da shi, shi ne mai dawo da shi. A kan wannan masana'anta ta dogara: a tura narkakken selulos ta ƙananan huji zuwa cikin kwamin ruwa, ya fito a matsayin sabon zare.

An daɗe ana neman maɓallin. A 1857 Matthias Schweizer na birnin Zurik ya narkar da auduga a ruwan tagulla da amoniya. A 1892 wasu Turawan Ingila uku suka fito da hanyar biskos, wadda har yau ake saƙa yadi mai santsi da ita, sai dai tana amfani da sinadari mai guba da ya sha illata ma'aikata. A 2002 ayarin Robin Rogers a Jami'ar Alabama ta Amurka ya nuna cewa gishirin da ke narkewa da ɗan zafi kaɗan, ba tare da ruwa ba, yana narkar da selulos kai tsaye. A Jami'ar Wuhan ta Sin kuma, Farfesa Lina Zhang ta haɗa soda mai ƙuna kashi 7 da yuriya kashi 12, ta sanyaya su zuwa digiri 12 ƙasa da sifili, selulos ya narke cikin mintuna. Yuriyar nan dai ita ce takin da manomi ke zuba wa masara.

Kada dai a ɗauka gobe za a mai da karan Masanawa shadda. Kara ba auduga ba ne: selulos ɗinsa na lulluɓe da lignin, abin da ke ba ice tauri, sai an fara cire shi. Gishirin kuma da tsada, dole a riƙa tace shi ana maimaita amfani da shi, wannan kuwa aikin lantarki ne mai tsayawa. Ga shi karan ma ba a yashe yake ba, da shi ake danga, da shi ake hura wuta, shanu na jiran ganyensa da rani. Su shanun, tare da gara, sun bi wata hanyar tun fil azal: ƙananan halittun da ke cikinsu ba kwance carbin suke ba, tsinka shi suke ƙwaya-ƙwaya ya koma sukari.