Saniyar Tatsa Ma Mai Jego Ce

Babu gidan Bahaushe da za a yi haihuwa a bar mai jego da yunwa. Tun ranar da ta sauka ake dama mata kunun kanwa, a gasa mata nama da yaji, a dafa ruwan wanka safe da yamma, a ɗauke mata daka da wanki har ta yi arba'in. Tsofaffinmu sun san ruwan nono daga tukunya yake tasowa, kuma in uwa ta rame, a jikin jariri ake fara gani. Darajar ɗan Adam daban ce, ba a haɗa ta da ta dabba. Sai dai madarar da ke cikin kofin shayinmu, da kindirmon da ake dama mana fura da shi, duk daga jikin wata mai jego suka fito. Saniya ba ta kawo nono sai ta ɗauki ciki wata 9 ta haihu, kuma domin ɗan maraƙinta aka saukar mata da shi.

A ruga an san haka. Saniyar Bunaji ko Rahaji ba ta cika sakin nono ba sai ta ga ɗanta. Da sassafe a kwance shi daga dangwali, ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, sannan a riƙe shi kusa da uwar a tatsa, a bar masa saura. Kanwar ma ana ba ta. Inda jegon ke ɓaci shi ne rani. Ciyawa ta ƙone, tafki ya ƙafe, an nome burtali, sai ka ga saniya mai shayarwa ta yini tana tafiya da cikin wofi, har ta kai ga cin leda a bola. Wace mai jego ce za a yi wa haka a sa ran nono? Lita ɗaya ko biyu take iya bayarwa a rana, kuma a kan wannan 'yar ƙwaryar ake rabo tsakanin ɗan maraƙi da matar makiyayi, wadda kuɗin nono ne cefanenta da suturar 'ya'yanta. Sau da yawa maraƙin ne ke kwana da yunwa.

Giɓin da wannan ya bari, madarar gari ce ta cike shi. Najeriya, da garkunan shanunta na miliyoyi, tana kashe fiye da dala biliyan 1 a shekara wajen sayo madara daga waje, kuma da yawa daga cikinta an tsame mata man shanunta an maye da man itatuwa don ta yi arha. Shi ya sa a 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni 6 da suka shiga harkar tatsa a cikin gida. A 2023 kamfanin Arla ya buɗe gona a Damau ta jihar Kaduna da shanun Holstein daga Denmark, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya.

Ina murna da wannan yunƙuri, amma ina tsoron mu kwaso tsarin waje har da aibinsa. Saniyar Holstein a Amurka takan haura lita 30 a rana. A yawancin manyan gonakin can, ana raba ta da ɗanta cikin kwana ɗaya ko biyu, bayan ya sha daƙashi, a sake ɗura mata ciki cikin wata 3, tana shayarwa tana goyon ciki. Kumburin hantsa da ciwon kofato su ne manyan cututtukanta, kuma dabbar da za ta iya shekara 20 takan ƙare a mahauta tana da 5 ko 6. An cika mata akushi, an hana ta hutu da ɗanta. Kawo ta Kano a watan Afrilu ba inuwa ba sanyi, zafi kaɗai ya isa ya ƙafar da nonon.

Abin da saniyarmu ke nema bai kai tsadar shanun waje ba: harawa da dusa da angurya da aka tanada tun kaka, rijiyar burtsatse kusa da ruga, rigakafin ciwon huhu da boru daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, da wurin karɓar nono mai firji inda za a biya matar makiyayi a hannunta. Saniyar da ta ƙoshi a rani za ta ishi maraƙinta, ta kuma cika ƙwarya. In ana yi mata allura, a jingine sayar da nononta har maganin ya bar jikinta, domin yaran gari ne za su sha shi.