Gyaran Ƙwayoyin Gado da Ciwon Sikila: Magani Ne Ko Canza Halitta?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, wani dattijo daga Beli ta ƙasar Rogo ya tare mu da tambaya bayan mun tashi daga karatu. Jikokinsa biyu suna fama da amosanin jini, watau sikila, na uku kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun bai isa shiga makarantar allo ba. Ya ji a rediyo wai likitoci sun sami hanyar gyara jinin mai sikila tun daga tushe. To, shin wannan ba canza halittar Allah ba ne?

Malami ba ya yanke hukunci kan abin da bai gane ba, saboda haka bari mu fara da yadda abin yake. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai rubutun gado da masana ke kira DNA. Harufansa iri 4 ne kacal, amma tsawonsa ya kai harafi biliyan 3. Sikila kuwa harafi ɗaya tak ne ya sauya, yaro ya gaje shi daga uwa da uba duka. Almajiri ba zai yi mamaki ba, domin ya san ɗigo ɗaya ne ya raba Ra da Zaira.

A 2012 wasu mata biyu, Jennifer Doudna ta Amurka da Emmanuelle Charpentier ta Faransa, suka bayyana wani almakashi mai suna CRISPR, wanda ke yanka rubutun a inda aka nufa. Amma fa yanka daban, maye gurbin doguwar sadara daban. A 2019 David Liu da abokan aikinsa suka fito da hanyar kankare 'yan harufa a rubuta wasu, sannan a 2022 masana a jami'ar MIT suka nuna, a ɗakin gwaji, cewa ana iya dasa harafi wajen 36,000 a lokaci guda.

Maganin da dattijonmu ya ji labarinsa shi ne Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Akan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, a kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da su. Maganin nan mai ƙarfi yana iya hana haihuwa, lalle ne a sanar da majinyaci tun da fari.

Abin da muka fahimta shi ne, wannan neman magani ne, Shari'a kuwa ta yi umurni da shi. Canza halittar da aka zarga a aya ta 119 ta Suratun Nisa'i aikin Shaiɗan ne na ɓata abin da yake lafiyayye, ba ɗauke wa yaro azaba ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabita, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilmi don rigakafi da magani muddin bai jawo cutar da ta fi ba, ta kuma hana wasa da shi da sunan kyautata irin ɗan Adam. Gyaran ɓargo yana ƙarewa a jikin mai shi, 'ya'yansa ba sa gado. Taɓa maniyyi ko ɗan tayi kuwa yana bin zuriyar da ba a shawarta ba, kamar yadda He Jiankui ya yi wa wasu tagwaye a Sin a 2018, har aka ɗaure shi shekara 3.

Sai dai da muka gaya wa dattijon kuɗin maganin, dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka, sai ya yi shiru. Muka tuna masa cewa tun Mayu 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure a Jihar Kano. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ya ce yana da jika budurwa da aka yi wa baiko da ɗan baffanta, ba a kuwa sa rana ba tukuna.