Gadau: Inda Lissafin Manomi Ya Dogara Ga Litar Fetur Da Buhun Taki

GADAU (Jihar Bauci) - Garin Gadau yana 'yar tafiya kaɗan arewa da Azare, a cikin ƙaramar hukumar Itas/Gadau, wadda ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna tana da mutane kusan 230,000. Mafi yawansu suna zaune ne a ƙananan ƙauyuka da rugage, kuma noma da kiwo ne abin dogaronsu. A jigawa ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi a cikin daminar da ba ta wuce wata huɗu ba. A fadamun kogin Jama'are kuwa ana noman shinkafa, sa'an nan idan ruwa ya janye a shiga noman rani na albasa da tumatir da tattasai da alkama.

Ba yau ne sunan garin ya fara shiga takardun hukuma ba. A shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka suna da tashar binciken ƙudan tsando a Gadau, inda wani masanin ƙwari, T.A.M. Nash, ya yi shekaru yana nazarin wannan ƙuda mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Tsando ya ja da baya, kurmin bakin kogi ya zama gonaki, amma talauci bai bi tsando ya tafi ba.

Babbar matsalar magidanci a wannan yanki ita ce tazarar da ke tsakanin farashin kaka da na marka. Da kaka, lokacin da hatsi ya cika kasuwa kuma farashi ya faɗi, a lokacin ne bukatu suke taruwa a kansa: biyan bashin taki, kuɗin 'yan ƙwadago, tufafin iyali, auren 'ya. Dole ya kai buhu kasuwa ya sayar yadda ta kama. 'Yan kasuwa masu jari daga Azare da Kano su saya su kimshe a sito. Kafin watan Yuli ko Agusta rumbunsa ya yi ƙasa, sai ya koma yana auno tiya-tiya da tsada, wani lokaci ma hatsin da ya fito daga gonarsa ne. Wanda ya ci bashin damina da sharaɗin zai biya da hatsi, ya sayar da amfaninsa ke nan tun yana yabanya. Wannan ne ya sa tumaki da awaki suka zama bankin gida, musamman ga mata, ya kuma sa samari suke tafiya cin rani birane da zarar an kai amfani gida.

Gwamnatoci sun sha gwada hannunsu. A farkon shekarun 1980 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Bauci, BSADP, da rancen Bankin Duniya, wanda ya baza malaman gona da rumfunan sayar da taki. A 1986, da zuwan shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, manomi ya rabu da ƙayyadadden farashi, mai kyau ne ko maras kyau. A 1997 aka janye rangwamen takin zamani, aka maido da wani sashe nasa a 1999. Daga cikin duk waɗannan, wanda ya bar alama a fili shi ne shirin Fadama na farko, da aka fara a 1993, Bauci tana cikin jihohin da suka fara cin gajiyarsa. Shi ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa mai shan fetur, suka maye gurbin jigo. Mutumin da da ƙyar yake shayar da 'yan fangaloli da guga, ya koma yana shayar da kadada sukutum.

Sai dai injin ya ɗaura manomi a jikin farashin mai. Kafin janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai Naira 200 a farashin hukuma ba. Nan take ta haura Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai Naira 1,000 a wurare da dama, ga shi kuma a ƙauye sai an ɗora ribar 'yan bumburutu. Masu hali sun koma amfani da iskar gas ko injin hasken rana. Marasa hali sun rage faɗin gonar rani, wasu sun bayar da ita haya.

Hauhawar farashin abinci, wadda ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, ba ta zama alheri ga kowa ba, domin ƙaramin manomi mai sayen hatsi ne a rabin shekara. A watan Yuli na shekarar gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, na taki bai sauko tare da shi ba. Mazauna birane sun sami sauƙi. Wanda ya noma da tsada ya sayar da araha shi ya biya kuɗin sauƙin.

Masana tattalin arziki sukan kwatanta Nijeriya da Indunusiya, domin duka biyun sun sami garaɓasar man fetur a shekarun 1970. Indunusiya ta zuba kaso mai tsoka a madatsun ruwa da hanyoyin karkara da taki, hukumarta ta abinci, Bulog, tana sayen shinkafa idan farashi ya faɗi ƙasa da wani mizani, har ƙasar ta wadatu da shinkafa a 1984. Daga 2015 kuma ta fara aika kuɗi daga baitulmali zuwa ƙauyuka fiye da 70,000, mutanen ƙauye su zauna su zaɓi aikin da za a yi. Ba a rasa sata a tsarin ba, an ɗaure shugabannin ƙauyuka da dama. Duk da haka kwalbatin da ƙauye ya nema da bakinsa ya fi saurin ginuwa bisa wanda aka rubuta a ofis. A Nijeriya sai ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ƙauye kuwa ba shi da asusun kansa.

Abin da ya ɗan sauya fuskar Gadau shi ne jami'ar jihar da ta fara aiki a 2011 zamanin Gwamna Isa Yuguda, wadda daga baya aka sa wa sunan Sa'adu Zungur. Ɗalibai sun kawo kasuwar ɗakunan haya da abinci da acaɓa, filaye kuma sun yi daraja. Amma ciniki ne mai bin kalandar karatu: idan aka yi hutu ko yajin aiki, kamar na wata takwas da malaman jami'o'i suka yi a ƙasa a 2022, masu shaguna a irin waɗannan garuruwa ne suke fara ji a jikinsu. Ƙauyen da ke bayan fadama kuwa, wanda mota ba ta shiga da damina, ɗan abin da yake kai masa kaɗan ne.

Ruwan da yake ba da noman rani shi ne kuma yake cinye gonaki. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna a ƙananan hukumomin da ke bin kogin Jama'are, a watan Agusta 2024 kuma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Duk lokacin da haka ta faru sai a tayar da maganar madatsar ruwa ta Kafin Zaki, wadda aka tsara tun shekarun 1970, aka fara aka dakatar. Masu goyon baya a Bauci suna cewa za ta tsare ambaliya ta kuma buɗe sababbin filayen noman rani. Jihohin Yobe da Borno suna adawa, suna nuni da yadda madatsun Tiga da Chalawa suka rage ruwan da yake isa dausayin Haɗeja da Nguru. Manomin fadamar Gadau yana tsakiya: malalar kogin ce take cika ruwan ƙasa da rijiyarsa take zuƙa, ita ce kuma take kwashe shinkafarsa a shekarar da ta yi yawa.