Ciwon Daji: Tsadar Magani Da Hatsarin Jinkiri

Ana so Hakimai da malamansu na ƙasar Daudawa, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara su lura da wannan bayani, su kuma isar da shi ga dagatai da masu unguwanni.

Maganin ciwon daji, watau sankara, yana da tsada ƙwarai, gama yawancinsa daga ƙasashen waje ake sayo shi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya ƙara hawa. Manomi ya kan sayar da audugarsa da shanun nomansa, kuɗin ya ƙare tun ba a gama allurai ba. Saboda haka mutane da yawa su kan koma ga masu tallan magani a kasuwa, waɗanda ke cewa wai daji ba ya son allura ko ƙarfe.

Wannan magana ba ta da tushe. Ƙullutun nono da aka kai wa likita yana ƙarami a kan iya cire shi, mai ciwo ta warke. Idan kuwa aka ɓata watanni ana jiƙe-jiƙe da tsaga, sai ciwon ya bazu zuwa ƙashi ko huhu, magani ya ƙara tsada, warkewa kuma ta yi wuya. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da daji.

Akwai hanyoyin sauƙi. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta soma wani shiri na rage kuɗin magungunan daji a waɗansu manyan asibitoci. A 2021 kuma ta buɗe asusun taimakon marasa ƙarfi masu dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana cikin na farko da aka zaɓa. Har wa yau, tun 2023 aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta.

To, aikin Hakimi shi ne ya hori jama'a, duk wanda ya ga ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko macen da ke zubar jini ba lokacinsa ba, lalle a kai shi Babban Asibitin Funtuwa ba da jinkiri ba. Malamin Hakimi kuwa ya taimaki iyalin wajen adana takardun likita da neman taimakon asusun nan.