Hamdan Abu Anja: Gwarzon Mahadiyya da ya ci Gondar amma ya ƙi sulhu

Duk wanda ya san Omdurman ya san unguwar Abu Anja da kwarin da ake kira Khor Abu Anja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai wannan suna a jiharmu ta Gadarif ya ƙare rayuwarsa, a garin Gallabat na bakin iyakar Habasha.

Hamdan Abu Anja mutumin yammacin Sudan ne, ba ɗan sarauta ba. Ya goge da yaƙi a rundunar Zubair Fasha kafin ya bi Mahadi Muhammad Ahmad, wanda ya yi wa mulkin Turkawa da Misirawa bore a 1881. A Satumban 1882 mayaƙan Mahadi suka afka wa El Obeid da takubba da masu, bindigogi suka yi musu mummunar ɓarna. Daga nan aka kafa rundunar 'yan bindiga mai suna Jihadiyya, akasarinsu tsofaffin sojojin gwamnati da aka kama, aka damƙa wa Abu Anja.

Kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu. A Nuwamban 1883, a Shaikan, 'yan bindigarsa suka taka babbar rawa wajen murƙushe rundunar Hicks Fasha. A Janairun 1885 ya karɓe sansanin Omdurman, sannan Khartoum ta faɗi ranar 26 ga watan.

Bayan rasuwar Mahadi, Halifa Abdullahi ya turo shi Gallabat a 1887. A Janairun 1888 ya ci rundunar Tekle Haymanot, sarkin Gojjam, ya shiga Gondar. An ƙona majami'u, an kwashe mutane bayi. Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu, wanda Italiya ta takura masa tun da ta kama Massawa a 1885, ya aiko masa wasiƙa yana neman su haɗa kai a kan Turawa. Abu Anja ya ƙi, ya mayar da amsa mai zafi.

Bai ga ƙarshen lamarin ba, don rashin lafiya ta kashe shi a Janairun 1889. A watan Maris magajinsa Zaki Tamal ya gwabza da Habashawa a Gallabat, harsashi ya sami Yohannes, ya mutu. To, wa ya ci riba? Sudan ta yi asarar ƙwararrun mayaƙa ana tsakiyar yunwar nan da ake kira Sanat Sitta. Italiya ta kafa mulkinta a Eritiriya a 1890, Ingila kuma ta rushe daular Mahadiyya a Karari a 1898.

Ni da nake koyarwa a Umm Rakuba, wannan tarihi ba na littafi kaɗai ba ne a wurina. Tun Nuwamban 2020 aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira a nan, kuma yawancinsu 'yan Tigray ne, ƙasar da Yohannes ya fito. Kasuwa ɗaya muke ci da su. Wanda ɗalibaina ke kira gwarzo, a wurin maƙwabtanmu shi ne wanda ya ƙona Gondar, kuma wallahi kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Shi ya sa nake faɗa wa yara duka biyun. Ina nuna musu mutumin da ba ya da gata, amma ƙwazo da iya tsara runduna suka kai shi sahun gaba. Ina kuma nuna musu wasiƙar da ya yi watsi da ita. A ƙasar da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023, ina ganin darasin wasiƙar ya fi na Shaikan amfani ga yaranmu. Ga malamai 'yan'uwana, don Allah kada mu tsallake wannan shafi.