Marubuciya Da Mai Karatu

Makon nan hirarmu a kan littattafan labarai ce, da yadda masu rubuta su su ke saduwa da ke mai karantawa.

Tambayi innarki, za ta ba ki labari. A zamaninsu, in matar Ƙiru ko Bebeji tana son littafi, sai ta ba mai zuwa birni sautu, ko kuwa ta karɓi haya. Littafi ɗaya ya kan zaga gida goma kafin bangonsa ya fita. Hajiya Hafsat Abdulwahid tana cikin waɗanda suka buɗe wa mata wannan ƙofa, da So Aljannar Duniya a 1980. Sa'an nan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Marubuta su kan sa adireshinsu a jikin littafi. Wadda labari ya taɓa zuciyarta sai ta rubuta wasiƙa, ta zauna jiran amsa. Bayan wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, lambar waya ta maye gurbin akwatin gidan waya.

To, yau abin ya sāke ƙwarai. Hirar ta koma Facebook da Wattpad, galibi kuma zaurukan WhatsApp. Marubuciya ta kan rubuta shafi da dare, ta tura cikin zaure. Kafin gari ya waye masu karatu sun yi mata ca. Wannan ta ce a saki kishiya, waccan ta ce wallahi in aka kashe yaron ta daina karatu! Wata marubuciyar har ta kan karkata labarin don ta faranta musu. Ni dai ban ga kyan wannan ba, gama miyar da kowa ya sa wa gishiri ba ta shayuwa. Shafukan farko kyauta ne. In labari ya kama ki, sai a ce ki biya, da katin waya ko ta banki.

Lalle akwai alheri a ciki. Yarinya a Riruwai, can bayan dajin Falgore, ba sai ta nemi maɗaba'a a Kano ba kafin a ji muryarta. Gasar Hikayata ma, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara don mata a 2016, ta intanet a ke aika mata da labari.

Amma fa zauren nan na aro ne. Kamfanin OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya su ke sayar da littattafai ta intanet, ya rufe a 2023. Ran 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida, kowa ya yi jugum. Ni kaina, sa'ad da na ke makarantar horon malamai, na biya kuɗin wani labari. Ana tsakiyarsa wayar marubuciyar ta ɓace, zaure ya watse. Har yau ban sani ba ko an ɗaura auren nan.

Ke kuma da ki ke tura wa ƙawaye shafin da aka sayar miki ke kaɗai, ki sani guminta ki ke rabawa. Wata da kuɗin nan ta ke sayen sabulu.

Saura magana ɗaya ga iyaye. Littafin takarda uwa tana ganin bangonsa a ƙarƙashin matashi, na waya kuwa ba ya da bango, kuma ba duka ne ya dace da 'yar makaranta ba. Ƙwace waya ba ya magani, za ta ari ta maƙwabta. Bayan sallar lisha ki ce ta karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ku ji tare.

Ke mai sha'awar rubutu, a Tudun Wada ki ke ko Doguwa, fara sa labarinki cikin littafin rubutu tukuna, ki adana a akwati, kāna ki tura. Wadda ta kammala nata ta rubuto mini, mu ji sunansa a wannan fili.