Yadda mai karatu zai bibiyi labaran kimiyya

Labarin kimiyya yakan yi doguwar tafiya kafin ya iso gidan rediyo ko wayar hannu. Mai bincike zai rubuta sakamakon aikinsa ya aika wa mujallar masana, kamar Nature da ake bugawa a Landan tun 1869, ko The Lancet ta likitoci. Editoci su miƙa rubutun ga wasu ƙwararru su yi masa tankaɗe da rairaya, su nemi gyara ko su yi watsi da shi. In an buga, jami'a ta fitar da sanarwa, 'yan jarida su taƙaita, wani kuma ya sake gutsurawa ya ɗora a Facebook. A kowane zango ana yar da wani abu, kuma abin da aka fi yarwa shi ne sharuɗɗan da mai binciken ya gindaya, misali cewa a jikin ɓeraye aka yi gwajin.

Saboda haka abin da ya kamata a fara tambaya shi ne matakin da binciken ya kai. Sabon magani yana farawa ne a ɗakin gwaji, ya wuce kan dabbobi, sannan ya bi matakai uku a jikin mutane. A na farko 'yan kaɗan ake ba shi don a ga ko yana cutarwa. A na uku dubbai ne, ana kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba. Mafi yawan magungunan da suka kama wannan hanya ba sa kai wa ƙarshenta. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya kai, amma bayan shekaru masu yawa. Tun shekarun 1980 aka fara aikin allurar RTS,S, sai a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ta biyu, R21 ta Jami'ar Oxford, ta samu amincewa a 2023, a Najeriya kuma aka fara yi wa yara ita a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Fitowa a babbar mujalla ma ba ta mayar da magana gaskiya. A 1998 The Lancet ta buga rahoton wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya danganta allurar rigakafin ƙyanda da hangum da lalurar otizim, bisa yara 12 kacal. Bincike a kan dubban ɗaruruwan yara bai gano wata alaƙa ba, aka janye rahoton a 2010, aka kuma hana likitan aiki. Kafin nan iyaye da dama sun ƙaurace wa allurar, ƙyanda ta sake ɓarkewa.

Alƙaluma su ma suna buƙatar lura. In aka ce wani abinci ya ninka haɗarin wata cuta, sai a nemi sanin asalin adadin: daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 2 ninki ne, amma bai kai abin hana barci ba.

Ga mai jin Hausa, sassan Hausa na BBC, DW da RFI suna kawo rahotannin lafiya da muhalli. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, tana bayyana halin da ake ciki kan Lassa da kwalara, hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin irin wannan ga yankin Sahel, manomi kuma yana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Saƙon da bai ambaci wanda ya yi bincike ba, wannan jita-jita ce. Irinsa ne ya sa a Agustan 2014, lokacin Ebola, mutane a Najeriya suka tashi cikin dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka.

Abin da ya fi wuya shi ne bin labari zuwa ƙarshensa, domin gyara ba ya samun yayatawar da kuskure ya samu. A 2011 masana a Italiya suka ba da rahoton cewa wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, da ake kira nutirino, sun fi haske gudu, duniya ta ɗauka. Su da kansu suka roƙi a binciki aikinsu. A 2012 aka gano wata waya ce ba ta ɗauru daidai ba a cikin na'urar auna lokaci.